Yadda Ake Neman Gado a Hostal Idan da Ƙuri'a Ake Rabawa

Duk farkon shekarar karatu akwai kukan da ba ya sauyawa a jami'o'in gwamnati: "An yi balot, ban samu ba." Amma in ka zaunar da masu wannan kuka ka bi diddigi ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar ba dukkansu ƙuri'a ta kayar ba. Wani sunansa bai ma shiga cikin waɗanda aka yi ƙuri'ar da su ba, domin bai kammala rijista ba. Wata ta ci gadon, ta yi murna, ta kira gida ta ba da labari, sai wa'adin biyan kuɗi ya wuce aka mayar da gadon kasuwa. Ƙuri'ar kanta ba a hannunka take ba, ƙanena. Abin da ke gabanta da abin da ke bayanta kuwa duk a hannunka suke, kuma a nan ne aka fi yin asara.

Dalilin da ya sa ake ƙuri'ar ba ɓoyayye ba ne: ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 tana cikin masu yawan ɗakunan kwana a ƙasar nan, a 2019 ma Gidauniyar Dangote ta miƙa mata sabon hostal mai gado 2,160, amma har gobe dubban ɗalibanta a gidajen hayar Samaru suke kwana. In misali gado 500 ne ya rage bayan an cire na waɗanda aka ba fifiko, masu nema kuma 2,000, to mutum ɗaya cikin huɗu ne zai samu, ko da kuwa kowa ya yi komai daidai.

Fara gane wace irin ƙuri'a ce

Wannan shi ne mataki na farko, kuma shi aka fi tsallakewa. Kalmar balot guda ce a bakin ɗalibai, amma abu biyu mabambanta take rufewa.

Akwai ƙuri'a ta gaskiya. A nan ana buɗe shafin intanet na makarantar na wasu kwanaki, kowa ya shigar da sunansa, a rufe, sannan kwamfuta ta zaɓi waɗanda suka dace. Wanda ya nema ranar farko da wanda ya nema ranar ƙarshe duk ɗaya suke. Tsohon salonta shi ne na takardun da ake nannaɗewa a zuba a kwali, kowa ya sa hannu ya ɗauko, wani ya buɗe ya ga lambar ɗaki, wani ya ga farar takarda. A Amurka ma Jami'ar Harvard irin wannan take yi tun 1996: 'yan shekarar farko sukan haɗa rukuni da bai wuce mutum takwas ba, sai a jefa rukunin gaba ɗaya cikin ɗaya daga gidajenta 12, a sanar da su a watan Maris.

Akwai kuma wadda sunan ƙuri'a kawai ta ara, a zahiri tsere ce. Ana sanar da rana da sa'a, a buɗe shafin ɗalibai, wanda ya riga dannawa shi ke da gado har gadajen su ƙare. Yawancin abin da ɗaliban Najeriya ke kira balot a yau ya fi kama da wannan. Sa'a tana ciki, ba shakka, domin sabis ɗin waya da nauyin da shafin zai iya ɗauka su ne alƙalai, amma shiri yana da tasiri sosai.

Karanta sanarwar sashen kula da harkokin ɗalibai da kanka, daga shafin makarantar ko allon sanarwa, ba wadda aka yanko aka jefo a zauren WhatsApp na 'yan ajinku ba. Abu huɗu za ka tsamo daga ciki ka rubuta a takarda: wane rukuni ne zai nema a wace rana, ƙarfe nawa ake buɗewa, kai ne za ka zaɓi ɗaki ko zaɓa maka za a yi, da kwana nawa aka bayar a biya kuɗi. In sanarwar ta ce "daga ranar kaza zuwa ranar kaza, za a fitar da sunaye daga baya", ƙuri'a ce ta gaskiya, kwantar da hankalinka. In ta ce "ƙarfe goma na safe" ta yi shiru, ɗaura ɗamara.

Tabbatar sunanka zai shiga

Kusan ko'ina, shafin ba ya buɗe wa ɗalibi ƙofar neman gado sai ya biya kuɗin makaranta na wannan shekarar, a wasu wuraren kuma sai ya yi rijistar kwasa-kwasansa. Biyan kuɗin kaɗai bai isa ba, sai shafin ya nuna ya gani. Sau da yawa mutum zai biya ta Remita, hanyar biyan kuɗi ta intanet, banki ya cire kuɗin, rasit na hannunsa, amma a shafin makaranta har yanzu ana nuna shi a matsayin mai bashi. Gyaran wannan kan ci kwanaki tsakanin ofishin kuɗi da sashen kwamfuta. Saboda haka ka gama da shi aƙalla mako guda kafin ranar balot. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ka buɗe bayananka ka karanta su layi-layi, kamar na wani ne aka ba ka ka duba. Ajinka daidai ne, ko har yanzu yana nuna na bara? Tsangaya da sashe fa? Jinsi fa? Kada ka yi dariya. 'Yar yayata ta sami gurbin karatu a wata jami'a, ta ba wani yaro mai kafe, wato shagon intanet, ya cika mata bayanan farko. Ranar neman gado muna zaune da ita a tsakar gida da waya biyu, shafi ya buɗe lafiya lau, ta danna jerin hostal, sai ga sunayen na maza zalla. Muka sake shiga, muka sauya waya, haka dai. Ashe tun ranar rijista yaron ya bar wurin jinsi a kan "namiji" bai taɓa ba. Kafin a gyara mata an yi kwana huɗu, gadajen mata kuwa tun kafin azahar ɗin ranar farko suka ƙare. Shekarar nan a gidan wata gwaggonta ta yi ta, mota biyu take shiga kafin ta isa aji.

Ka kuma san matsayinka a layi. Al'adar yawancin jami'o'in tarayya ita ce fifita sabbin shiga da 'yan shekarar ƙarshe: na farko ba su san gari ba, na biyu suna da aikin bincike a gabansu. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, hostal ɗin Angola na sabbin ɗalibai maza ne, na Mozambik kuma na sabbin mata. 'Yan tsakiya, wato aji biyu da uku, su ke kokawa a kan abin da ya rage, kuma su ne ya kamata tun farko su yi tanadin mafita ta biyu. Wanda shekarunsa suka cika ya dawo gyaran kwas galibi ba a sa shi a lissafi.

Wasu kuma bai kamata su tsaya jiran ƙuri'a ba sam. Mai lalurar ƙafa ko gani, mai ciwon sikila ko asma mai tsanani, da ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa, makarantu sukan ware musu gadaje daban. Amma ba a bin mutum da shi har gida. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashen harkokin ɗalibai, haɗa da takardar likita da asibitin makarantar ya sa wa hannu, ka kai tun kafin a buɗe shafi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Na ga masu jin nauyin yin haka, wai kada a ce sun yi roƙo. Haƙƙinsu ne, kuma wanda ke fama da sikila ba shi da abin yi a hawa na uku inda ruwa sai an ɗauko daga ƙasa.

Zaɓi ɗakinka tun shafin bai buɗe ba

Idan tsarin makarantarku yana barin ɗalibi ya zaɓa, to minti ɗayan da za ka ɓata kana tunanin "wanne zan ɗauka" shi ne zai raba ka da gadon. Yi tunanin tun ana saura kwanaki.

Fara da harabar da karatunka yake. A Zariya, ɗalibin shari'a ko na harkokin mulki a harabar Kongo yake karatu, ba ruwansa da hostal ɗin Danfodiyo ko Ribadu da ke harabar Samaru. A Kano ma tsakanin tsohuwar harabar Bayero da sabuwar da ke kan titin Gwarzo tafiya ce ta mota. Wasu shafukan sukan tace maka wannan da kansu, wasu ba sa yi.

Daga nan nemi wanda ya kwana a wurin bara ka yi masa tambayoyin da ba a rubutawa a sanarwa. Wane bulo ne famfonsa ke kawo ruwa? Wanne ne ke jikin banɗaki, inda wari ba ya barin a buɗe taga? Hawa na sama ya fi iska da shiru, kuma sauro bai kai na ƙasa ba, amma duk bokitin da za ka yi wanka da shi a kanka zai hau, kuma a watan Afrilu ɗakin da ke ƙarƙashin rufi tanda ne. Ni dai in an ba ni zaɓi, hawa na ɗaya nake ɗauka, ɗaki na tsakiyar baranda. A gado mai hawa biyu, na ƙasa ya fi daɗin hawa da sauka, sai dai shi ne kujerar duk baƙon da ya shigo ɗakin, har da mai cin garau-garau a kan zanin gadonka.

Rubuta zaɓi uku a jere. Na farko wanda kake so, na biyu wanda za ka iya haƙuri da shi, na uku wanda mutane ke gudu. Kada ka raina na ukun nan. Kowa kan ruga hostal ɗin da ya yi suna, shi ne ke fara cika, alhali wanda ke can nesa da azuzuwa yana nan da sauran gurbi. Ɗaki mai nisa a cikin makaranta ya fi ɗaki mai kyau da ba ka samu ba.

Masu son zama ɗaki ɗaya da abokai su yi yarjejeniya a kan lambar ɗaki guda, da sharaɗin cewa duk wanda ya tarar ya cika ya kama wani ba tare da tsayawa kiran waya ba.

Ranar da za a buɗe

Ga mai ƙuri'a ta gaskiya, aikin kaɗan ne: nema a rana ta biyu ko ta uku lokacin da cunkoso ya ragu, tabbatar ka ga saƙon da ke nuna an karɓa, ɗauki hotonsa, ka jira. Kada ka nema sau biyu da tunanin ƙara wa kanka dama.

Ga mai tsere kuwa, daren ranar ka gwada lambar rijistarka da kalmar sirri, ka tabbata suna shiga. Cika waya da caji, sa data a layi biyu na kamfanoni daban-daban. In da hali a sami kwamfuta, domin wasu shafukan makarantu ba sa nuna maɓallan su daidai a fuskar waya. Ka san inda sabis ya fi ƙarfi a unguwarku, ko da bakin titi ne. Abin mamaki, wanda ke gida a wani gari yakan riga wanda ke cikin makaranta, saboda dubban wayoyi ba su taru a kan turken sabis ɗaya da shi ba.

Shiga shafin ana saura kamar minti goma sha biyar, ka riƙa taɓa shi jefi-jefi don kada ya fitar da kai. Lokaci na cika ka sabunta, ka bi zaɓin da ka rubuta. In ka danna ya tsaya yana juyawa, ba shi ɗan lokaci, domin sabuntawa a daidai wannan gaɓar kan mayar da kai ƙarshen layi. In ya faɗi gaba ɗaya, kada ka yi zuciya ka ajiye waya. Shafin da ya faɗi maka ya faɗi wa kowa, kuma sau da yawa wanda ya daure ya ci gaba da gwadawa bayan awa ɗaya ko biyu, lokacin da wasu suka gaji, shi ke dacewa. Wani lokacin ma ba a buɗewa a sa'ar da aka faɗa sai can da yamma ko tsakar dare.

Game da ba wa mai kafe ko wani "mai hanya" lambarka ya danna maka: akwai masu yi da gaskiya, ba abin da suka fi ka sai kwamfuta da haƙuri. Amma duk wanda ka ba kalmar sirrinka ka ba shi sakamakon jarrabawarka da duk bayananka. In dole ta sa, zauna kusa da shi, kuma ka sauya kalmar da zarar an gama. Wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa yana da mutum a ciki, rabu da shi. Kuɗin hostal a jami'ar tarayya ta hanyar da makaranta ta bayyana ake biya, ba a asusun wani mutum ba.

Da zarar ka ga sunan hostal, bulo, lambar ɗaki da ta gado, ɗauki hoton fuskar nan take, yadda kwanan wata da lokaci za su fito.

An ba ka, amma bai zama naka ba tukuna

Abin da ka samu ajiya ce ta ɗan lokaci. Wasu makarantu kwana ɗaya suke bayarwa, wasu biyu ko uku, in ba a biya ba gadon ya koma cikin na rabo. Shi ya sa kuɗin ya kamata ya kasance a asusunka tun kafin ranar. Ba lokacin da za ka fara kiran Baba ka ce a sayar da buhun masara ba ne. Tambayi nawa aka biya bara, ka tanadi abin da ya ɗara haka, domin kuɗin kan tashi, ga kuma 'yan kuɗaɗen kula da hostal da ake karɓa daban.

Daga cikin shafin makarantar za ka fitar da takardar biya mai ɗauke da lambar biya ta Remita da ake kira RRR, mai lamba 12. Kada ka je shafin Remita kai tsaye ka ƙirƙiro wata da kanka, kuma kada ka yi amfani da ta abokinka don kuɗinku ɗaya ne, domin kowace lamba tana ɗaure da sunan mai ita da gadonsa. Biya da kati ko a banki. In ranar Juma'a aka yi rabon, kada ka ce sai Litinin ka shiga banki, agogon wa'adin ba ya hutun ƙarshen mako.

Bayan ka biya, koma shafin ka danna wurin tabbatar da biya har sai ya nuna an karɓa. Wannan ɗan matakin shi ya kayar da mutane da yawa da rasit ɗinsu a hannu. In kuɗi ya fita amma shafin bai nuna ba, kada ka sake biya. Ɗauki rasit da hoton da ka ajiye ka tafi sashen harkokin ɗalibai a ranar, kafin wa'adi ya cika. Sannan ka buga takardar rabon gado da rasit, kwafi uku-uku.

Karɓar ɗaki

Da takardun nan, da katin shaidar ɗalibi ko takardar shiga makaranta, da hotunan fasfo kamar huɗu, za ka je ofishin hostal ɗin. Za a duba, ka cika fom, ka sa hannu a kan dokoki, a rubuta ka a littafi. Nan ma akwai wa'adi: gadon da aka biya amma ba a zo an karɓa ba cikin makonnin farko ana iya ba wani.

Gaida masu gadin ƙofa da ma'aikatan ofishin da ladabi, "Baba ina kwana, an tashi lafiya?" Su ne za ka nema ranar da makullinka ya ɓace ko aka kai ƙararka.

Kafin ka shimfiɗa komai, duba ɗakin da ido biyu. Ɗaga katifar in akwai, ka bi ɗinkin gefenta da haɗin ƙarfen gadon da fitilar waya: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ne, gara a fitar da ita rana a yi feshi tun ɗakin ba kaya. Gwada soket da fanka, duba ragar taga da ƙofar loka. Duk abin da ka tarar a karye, ɗauki hotonsa ka sa a rubuta a ofis, don kada a ɗora maka shi ranar fita. Zo da kwaɗonka mai kyau. Hita da risho na lantarki haramun ne a yawancin hostal, kuma ana kwacewa.

In ka tarar da wani kwance a gadonka, wanda ya saba faruwa, kada ka yi faɗa da shi. Nuna masa takardarka, in ya ƙi tashi ka kira ma'aikacin ofis. Haka in kuna son musayar ɗaki da wani, ku je a sauya a rubuce. Duk ɓarnar da aka yi a gado, wanda sunansa ke littafi ake nema.

Idan ba ka samu ba

Kada ka kama haya a ranar. Gadajen waɗanda ba su biya ba suna dawowa, kuma makarantu da dama sukan sake buɗe shafin zagaye na biyu, wani lokaci ba tare da wata babbar sanarwa ba. Lissafa ranar da wa'adin biya zai cika, ka riƙa leƙa shafin safe da dare daga wannan ranar. Ka kuma kai wasiƙar neman gado sashen harkokin ɗalibai, gajeriya, mai ɗauke da sunanka, lambarka, ajinka, garin da ka fito da dalilinka. Ba kullum take aiki ba, amma takarda ɗaya ce kawai za ta ci maka.

Za a zo maka da tayin sayen gado daga wanda ya ci don ya sayar, a kan ninkin kuɗinsa sau da yawa. Ba na ba da shawarar haka. Laifi ne a dokar makarantu, yana iya kai mai saye da mai sayarwa gaban kwamitin ladabtarwa, kuma sunan da ke littafi ba naka ba ne, don haka ranar da aka zo bincike kai ne baƙo. An sha sayar da gado ɗaya ga mutum biyu, kuma ba inda za su kai ƙara. Raɓawa a gadon aboki, abin da ɗalibai ke kira sikwatin, shi ma doka ba ta yarda da shi ba, ko da yake kowa ya san ɗakin mutum huɗu yakan kwana da takwas. Mai yin haka ya sani cewa gadon abokinsa yake jefawa cikin haɗari.

In ta tabbata haya ce, ku haɗu biyu ko uku ku kama ɗaki a unguwannin da ɗalibai suka saba: Samaru da Hayin Dogo a Zariya, Danbare da Rijiyar Zaki ga 'yan sabuwar harabar Bayero, Akoka da Bariga ga 'yan Jami'ar Legas. Je ka ga gidan da rana, ka sake komawa bayan magariba ka ga yadda layin yake. Tambayi 'yan hayar da ke ciki, ba dillali ba, game da ruwa, wuta, da ko ruwan sama na shiga ɗakin da damina. Lissafa kuɗin mota na wata tara ka ɗora a kan kuɗin hayar kafin ka ce wane ɗaki ya fi araha. Mata su fifita gida mai ƙofa ɗaya da ake rufewa da dare, kuma wani babba daga gida ya zo ya ga mai gidan ido da ido. Kuɗi kuma a hannun mai gidan ko wakilinsa da aka tabbatar za a ba da shi, a karɓi rasit mai ɗauke da ranar shiga da ranar da hayar za ta ƙare.